Karen da Yake Gudun Kiran Ubangidansa

Akwai wani manomi a wata ƙasa mai duwatsu, yana zaune da matarsa Kande, da kakarsa, wata tsohuwa mai suna Tabawa. Gonarsa tana gindin wani babban dutse, da 'yar tazara daga gari. Ƙasar wurin baƙa ce mai albarka, abin da aka shuka duk sai ya yi. Duk da haka ba wanda ya taɓa sha'awar gonar nan, gama a bisa dutsen akwai garken manyan birai, irin waɗanda ake kira bika.

Wanda bai taɓa ganin bika kusa ba, da wuya ya gane. Namijinsu in ya miƙe tsaye yakan kai ƙirjin mutum, haƙoransa kuwa sun fi na kare tsawo. Ba sa gudun ihu, ba sa gudun jifa sai in ya same su. Tun daga shuka sukan jeru a gefen dutse suna kallon gona, shiru, kamar masu jiran a sauke tukunya. In masara ta nuna sai su sauko. Ba cin ƙoshi suke yi ba. Biri ya karya wannan, ya gatsa, ya yar, ya karya na gaba, har gona ta zama kamar an bi ta da adda.

Haka suka yi wa manomin a shekarar da ta gabata. Sun sauko da rana tsaka, shi kaɗai ne a gona da majajjawarsa. Ya yi ihu, ya yi jifa, har ya ruga ya nufe su. Sai wani ƙaton namiji ya tsaya a gabansa, bai motsa ba, ya buɗe baki a hankali ya nuna masa haƙora. Manomin ya ja da baya. Yana tsaye yana kallo suka gama abin da suka zo yi. Tun daga ranar, in ya ji kukan biri ko daga nesa ne, sai ya waiga wajen dutse a tsorace.

Ga shi kuwa masarar nan ba ta marmari ba ce. A tsakiyar damina rumbu yakan yi ƙasa, dawa kuma ba ta kai ba. Masara ce take riƙe gida har a yi girbi. A wannan shekara kuma Kande tana da ciki, ya tsufa, rumbun kuwa sai an sunkuya sosai kafin hannu ya taɓa hatsi.

Saboda haka manomin ya tafi wurin wani maharbi, ya karɓo kare matashi, baƙi wuluk, mai dogayen ƙafafu. Ya sa masa suna Kwalli. Mazan gari da suka gan shi suka ba shi shawara irin wadda su ma aka ba su. Suka ce, “Kare ba a sake masa fuska. Ka ɗaure shi a rana, ka rage masa abinci, ka zuba masa barkono a tuwo. In ya yi laifi ka ba shi kashi. Da haka zai yi zafi.”

Manomin ya yi yadda suka ce. Ya yanko tsumagiya, ya soke ta a ɗamararsa.

Amma kare yana da ƙafa huɗu, mutum biyu. In Kwalli ya bar gona ya bi kurege, ko ya kori kazar maƙwabta, manomin ba ya iya kama shi. Sai ya sami dabara. Ya ɓoye tsumagiya a bayansa, ya sassauta murya, ya ce, “Kwalli, zo. Zo, Kwalli.” Karen ya taho yana kaɗa wutsiya. Da ya iso sai ya damƙe shi a wuya, ya zane shi. Ya yi haka yau, ya yi gobe. Da Kwalli ya fara jinkirin zuwa, sai manomin ya daina sassauta murya, ya koma daka masa tsawa, in ya iso kuma dukan ya ƙaru saboda jinkirin.

Wata rana da yamma yana cikin dukansa a tsakar gida, sai tsohuwa Tabawa ta ɗago kai daga auduga da take kaɗi. Tsakaninta da jikanta akwai wasa irin na kaka da jika, takan kira shi angonta.

Ta ce, “Kai, angona, me bawan Allah nan ya yi maka?”

Ya ce, “Gona ya bari, tsohuwa, ya tafi bin kurege.”

“Yaushe?”

“Da hantsi.”

“Da hantsi. To, yanzun nan fa, me ya yi?”

“Yanzu? Kiransa na yi, ya zo.”

Ta ce, “Ashe zuwan kake duka.”

Manomin ya yi tsaki, ya ce, “Ke da ba haƙori ko ɗaya a bakinki, ina ke ina sanin kare?”

Ta ce, “Haƙoran nan wajen tauna naman da karnukan kakanka suka kamo suka zube. Shi yake fita farauta da su, amma ni nake ba su abinci. Ka tambayi tsofaffi, in ya kira na kira, wurin wa suke zuwa.”

Kande ta yi dariya daga bakin murhu. Manomin bai yi dariya ba. Ya ɗaure karen a turke, ya fita.

Kwanaki suka wuce, masara ta yi goyo. Birai suka fara saukowa ƙasa-ƙasa, har ana ganin idanunsu. Ran nan manomin yana gona, ya hangi Kwalli can gefe yana shinshina wani rami, ya kira shi. Karen bai zo ba, bai kuma gudu ba. Ya kwanta da ciki, ya maƙale wutsiya, jikinsa yana rawa, fitsari yana zuba. Da manomin ya tako zuwa wurinsa, sai ya ja ciki da baya, ya shige ciyawa. A daidai lokacin wani biri ya yi kuka daga bisa dutse, wani ya amsa masa daga can gefe. Manomin ya ɗaga kai, ya ga sun jeru suna kallonsu, shi da karensa. Ya san sun gani.

Da ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Ya je ya zauna a bakin tabarmar kakarsa, ya faɗa mata abin da ya faru. Wannan karon ba ta yi masa ba'a ba.

Ta ce, “Bari in gaya maka yadda bika suke kashe kare. Ba a gona suke kama shi ba. Ƙananansu suke turowa, su zo bakin iyaka su yi ta tsokana. Kare ya bi su. Su hau kaɗan, su tsaya, ya matso, su ƙara hawa. Ba sa gudu sosai, don kada ya fid da rai ya koma. Sai sun kai shi inda mutum ba ya iya binsa da sauri, sa'an nan manyan su fito ta bayansa. Kakanka ya yi asarar wani jan kare haka. Mun ji kukansa tun daga ƙasa. Da aka hau washegari, fata aka samu a wuri ɗaya, kai a wani wuri.”

Kande ta dafe cikinta, ta ce, “Kaka, don Allah ki bari.”

Tsohuwa ta ce, “Sai ya ji. Duk zafin kare, shi kaɗai ba ya iya musu. Abin da yake raya shi shi ne ya juyo in an kira shi. Naka kuwa ka koya masa cewa kira duka ne. Ranar da suka ja shi sama, ba kare, ba masara.”

Manomin ya ce, “To, yaya zan yi? Masara ta kusa.”

Ta ce, “Miƙo mini tsumagiyar nan tukuna.”

Ya zaro ta ya ba ta. Ta karya ta a gwiwa, ta miƙa wa Kande, ta ce, “Ƙara a wuta, yau dai ta yi amfani.”

Sa'an nan ta ɗauko wata 'yar jakar fata ta mijinta, ta zuba ƙanzo a ciki da gutsattsarin ƙuliƙuli. Kande ta dubi ƙanzon, ta ce, “Kaka, da shi fa nake karya kumallo.”

Tsohuwa ta ce, “Naki yana nan, 'yar nan. Nawa ne wannan. Da me zan tauna shi?”

Ta juya wajen jikanta ta ce, “Sunan nan ka riga ka ɓata shi, kada ka ƙara kiransa da shi sai ya warke. Ka iya fito?”

Ya ce, “Wane ne bai iya fito ba?”

“To, ka yi masa fito mai sanyi, kamar mai rarrashi. Kuma kada ka tsaya a kansa kamar bishiya. Tsuguna.”

Manomin ya tsuguna a tsakar gida, kunya ta kama shi, ya yi fito. Kwalli ya leƙo daga ƙarƙashin rumbu, bai fito ba. Tsohuwa ta ce ya jefa masa ƙanzo can kusa da shi, ya kau da fuska. Karen ya miƙo wuya, ya fizge, ya koma. A ranar iyakar abin da aka samu ke nan.

Washegari aka sake, jibi ma haka. Kullum ƙanzon yana faɗuwa kusa da manomin kaɗan fiye da jiya. Tsohuwa tana zaune da abin kaɗinta tana gyara masa. In ya yi jinkirin bayarwa ta ce, “Ka makara. Lokacin da ya yi daidai, a lokacin za ka ba shi, ba sai ya manta abin da ya yi ba.” In ya ga an fara samu ya so ya yi ta maimaitawa, ta ce, “Ya isa. Ka bar shi yana marmari.” Wata rana Kwalli yana can yana tono, manomin ya shirya baki zai yi fito, ta ce, “Kul. Ka san ba zai zo ba yanzu, don me za ka koya masa ƙin zuwa? Jira ya ɗago kai.”

Ranar da karen ya fara cin ƙanzo a tafin hannunsa, manomin ya ji harshensa da ɗumi a fatarsa. Tsohuwa ta ce, “Ka yi masa magana mana. Bakinka ciwo yake?”

Ya ce, “Me zan ce wa kare?”

“Abin da ba ka taɓa ce wa matarka ba. Ka ce madalla.”

Kande ta ce, “Faɗa masa dai, Kaka.”

Daga nan aka koma gona. Manomin ya ɗaura wa Kwalli doguwar igiya, yana zagaya iyakar gona da shi, wajen da ƙasa ta ƙare duwatsu suka fara. In karen ya kai iyaka sai ya yi fito, in ya juyo sai ƙanzo da madalla. Yakan kira shi ba don komai ba, ya shafa kansa, ya sake shi ya koma wasansa, domin kada ya ɗauka kowane kira ƙarshen jin daɗi ne. A hankali aka kwance igiya. Kwalli ya koyi korar ƙananan birai har bakin iyaka, ya tsaya can yana haushi, ya dawo.

Amma lokaci ya yi kaɗan, manomin kuma ya sani. Har yanzu in ya ɗaga hannu zai share gumi, sai karen ya runtse ido ya sunkuya. Birai kuwa kullum ƙara yawa suke a gefen dutse. Wani lokaci yakan ga ƙaton namijin nan na bara zaune shi kaɗai a kan wani falalen dutse, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana kallonsa.

Sai ranar ta zo. Masara ta nuna, saura kaɗan a karya. Rana ta take, iska ta tsaya cak, ko tsuntsu ba ya kuka. Manomin ya duba gefen dutse inda birai suka saba jeruwa, bai ga ko ɗaya ba. Wannan ya fi ba shi tsoro fiye da ganinsu.

Can sai ga ƙanana sun ɓullo a bakin iyaka. Kwalli ya kore su, ya tsaya, ya ji fito, ya dawo, ya karɓi rabonsa. Suka sake zuwa, ya sake korarsu, ya dawo. Sai wani ƙarami ya shigo har cikin gona, ya karya masara a gaban idonsa, ya juya yana jan ƙafa kamar gurgu. Kwalli ya bi shi. Ya kai iyaka, birin yana gaban hancinsa. Ya tsallake.

Manomin ya haɗa leɓe zai yi fito, sai iska kawai ta fita. Tsoro ya busar masa da baki ƙaf, harshensa kamar ɓawon itace. Ya sake gwadawa, ba komai. Karen kuwa yana ta hawa. Sai ya buɗe baki da dukan ƙarfinsa ya ce, “Kwalli! Kwalli! Zo nan!”

Ba fushi ne ya sa shi ihun ba, tsoro ne. Amma muryar da ta fita ita ce tsohuwar muryar nan ta tsumagiya. Kwalli ya tsaya a kan wani dutse, ya waiwayo. Manomin ya ga kunnuwansa sun kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu. Karen ya dubi ubangidansa a ƙasa, ya dubi biran a sama, ya zaɓi biran. Ya ci gaba da hawa.

Daga inda yake tsaye manomin yana ganin abin da karen ba ya gani. Manyan maza biyu sun fito daga bayan duwatsu, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, suna tafiya a hankali, ba ƙara, suna zagayowa ta bayansa. Na daman shi ne ƙaton nan na bara.

Ya fizge karan masara don ya sami abin riƙewa, ya ruga, ya haye dutsen farko, ya haye na biyu, gwiwarsa ta goge, bai ji ba. Yana cikin hawa sai ya ji ƙara a bayansa, ƙas, ƙas, ƙas. Ya waiga. Sauran garken sun zagayo ta ɗaya gefen, sun shiga gona, kara yana faɗuwa. Abincin gidansa ke nan, abincin Kande da abin da yake cikinta. Ya sake kwarma ihu da sunan karen, karen ya ƙara nisa.

Sai ya tsaya. Ya gane in ya ƙara ihu ɗaya, ya kashe karensa da bakinsa.

Ƙaton birin ya riga ya gan shi, ya juyo, tsakaninsu bai fi jifa ba. Duk wanda ya san bika ya san ba a ƙanƙantar da kai a gabansa, ana miƙewa ne a buɗe kafaɗu. Amma Kwalli ya daina zuwa wurinsa in yana tsaye a fusace. Manomin ya tsuguna. Birin ya tako, ya tsaya, ya buɗe baki kamar yadda ya yi bara. Manomin ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa, “Ya Ubangiji, ka jiƙa mini bakina.” Ya dubi karan da yake hannunsa, ya gatsa, ya tauna, ɗan ruwan zaƙi ya sauka a harshensa. Ya haɗa leɓe.

Fiton ya fito siriri, yana karkarwa. Ya ja numfashi, ya sake yi, a hankali, kamar yana tsakar gida kakarsa tana kaɗi.

Kwalli ya tsaya. Ya juyo da kai. Ya ga mutum tsugune, hannu a buɗe. A lokacin ne kuma ya ga manyan nan biyu tsakaninsa da ubangidansa. Ya yi ɗan kuka, ya taka baya, ya taka gaba. Manomin ya sake yin fito.

Sai karen ya sako ƙasa da gudu, ya bi ta tsakaninsu. Na hagu ya kai masa cafka, ya kama shi a kafaɗa, suka yi birgima, ƙura ta tashi, aka ji ƙara mai ban tsoro. Kwalli ya fizge, ya faɗo daga dutse zuwa dutse, ya zo ya zube a gaban gwiwoyin manomin, kunne ɗaya a yage, jini yana zuba. Bai ɗago kai ba. Ya kwanta da ciki, ya runtse ido, yana jiran duka.

Gaskiya kuwa, dukan ya taso. Manomin yana jin karan masararsa yana karyewa a ƙasa, duk saboda karen nan ya tsallake iyaka. Tsoron da ya cika shi ya juye ya zama fushi, hannunsa ya tashi sama da kansa, da karan a ciki. Ya tsaya haka, yana haki. Sa'an nan ya saki karan ya faɗi, ya sa hannu a jaka, ya kwaso duk abin da ya rage, ya kai bakin karen. Ya ce, “Madalla, Kwalli. Madalla da ka zo.”

Karen ya buɗe ido. Ya lashi hannun kafin ya ci.

Suka miƙe tare. Ƙaton birin ya dube su, mutum da kare gefe da gefe, ya yi gurnani, amma bai matso ba. Suka sauko da baya da baya har suka taka ƙasa. Sa'an nan suka faɗa gona, manomin da majajjawa, Kwalli da haushi, yana ɗingishi yana kora, yana kaiwa iyaka yana dawowa da kansa. Garken ya watse ya haye dutse. Kusurwa guda ta gonar ta tafi, ba abin da aka tsinta a ciki. Sauran ta tsira. Washegari manomin ya gayyaci maƙwabta aka karye ta, ita ce kuwa ta riƙe gidan har dawa ta nuna.

Amma a yammacin ranar da biran suka shiga gona, da ya shigo gida da karen a kafaɗa, rigarsa duk jini, tsohuwa Tabawa ta sa aka ɗora ruwa da gishiri. Tana wanke raunin, ba ta dube shi ba, ta ce, “Ka doke shi?”

Ya ce, “A'a.”

“Ka so?”

Ya ce, “Na so, Kaka.”

Ta ce, “Na sani. Riƙe mini kansa.”

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kada wani ya tafi gida ya ce yau an kwatanta mu da kare. Abin da ake so mu duba shi ne kiran, da abin da wanda aka kira yake tararwa in ya zo.

Gonar ita ce gidan da Allah ya danƙa a hannunka, ko ajin da kake koyarwa, ko ikilisiyar da kake dattijo a cikinta. Dutsen da biransa su ne jarabobin duniya. Ba sa zuwa da haƙora a buɗe. Da ƙaramin abu suke fara jan mutum, abin da yake gani kamar ya kusa kamawa, taki bayan taki, har ya yi nisa da masu ƙaunarsa. Ba za ka iya bin ɗanka ko'ina ba, ba za ka iya ɗaure shi har abada ba. Wata rana zai tsallake iyaka. A ranar, abin da zai rage tsakaninku muryarka ce kawai, da abin da muryar nan take tuna masa.

Iyaye, ku tambayi kanku. In kun kira sunan yaro, da wace fuska yake zuwa? Akwai gidajen da ba a kiran yaro sai in ya yi laifi. Akwai uban da zai ce, “Zo, faɗa mini gaskiya, ba abin da zan yi maka,” yaro ya faɗa, a zane shi. Uban yana tsammani laifin ya hukunta. Yaron kuwa abin da ya koya shi ne, faɗin gaskiya da zuwa wurin Baba su ne suke jawo duka. Ban ce kada a yi horo ba. Manomin nan ya fi wahala a horon na biyu fiye da na farko, ya tsuguna, ya jira, ya maimaita, ya kafa iyaka bai kuwa sassauta ta ba. Ku lura da daidai in an yi shi, ku yaba a kan lokaci. Ku kira 'ya'yanku wani lokaci ba don aike ko faɗa ba, sai don ku sa musu albarka.

Na san kuma yawancin tsawar da muke yi ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Uwa ta ga 'yarta tana bin hanyar da za ta hallaka, zuciyarta ta tsinke, sai ta yi ihu. Amma yarinyar ba ta ganin zuciyar, ihun kawai take ji. In tsoro ya busar muku da baki, ku dakata, ku roƙi Ubangiji ya ba ku murya kafin ku yi magana.

Sauran maganar taku ce, ku da kuka yi nisa. Wataƙila wani yana zaune a nan, jikinsa a majami'a, zuciyarsa a bisa dutse. Kana jin kiran Allah, amma kana cewa, in na koma me zan tarar? Mutane sun taɓa kiranka da murya mai daɗi, da ka zo suka kunyata ka, sai ka ɗauka shi ma haka yake. Ubangiji ba ya ɓoye tsumagiya a bayansa. Mai Cetonmu ya bar ɗaukakarsa, ya ƙasƙantar da kansa, ya zo har inda haɗarin yake, ya buɗe hannu. Daga inda yake yana ganin abin da yake zagayowa ta bayanka, wanda kai ba ka gani. Dawowar tana iya yi maka ciwo, kana iya zuwa da rauni. Ka zo da shi haka.

Mu kuma da muke cikin gida, wata Lahadi wanda ya daɗe da ɓacewa zai shigo a makare, ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, yana jiran abin da za a ce masa. Kada ka tambaye shi inda ya shiga. Ka matsa masa wuri a kan benci.